Kofin Bayan Tanki

Azumin bana ya zo mana da sanyi, har da yayyafi. Shekaranjiya da la'asar na buɗe famfo zan yi alwala, ruwan ya taɓa hannuna da sanyi, sai da na tsaya ina kallonsa kamar ban san shi ba. Wanda bai zauna Riyadh ba ba zai ga abin mamaki a nan ba. A garin nan ruwan gida a tanki yake kwana bisa rufi, kuma a can yake yini. Da bazara in ka buɗe famfo da azahar, ganyen shayi kawai ya rage ka jefa. Sanyin ruwan nan shi ya mayar da ni wani azumi na shekaru goma da 'yan kai da suka wuce, wanda ya faɗo a tsakiyar zafi, a shekarar da muke kira ta cutar raƙuma.

Yaran yanzu in aka ce korona, wadda ta rufe duniya suke tunawa. Mu nan mun riga kowa gaisawa da yayarta. Ita ba ta rufe gari ba, ba ta hana jam'i ba. Ta dai bi asibitoci ta ɗauki wanda za ta ɗauka, ta bar saura suna kallon juna. Aka ce daga raƙuma take. Masu shan nonon raƙumi suka tuba, tari ya zama abin da mutum ke haɗiyewa a cikin sahu.

A lokacin ina tsaron sito a Aziziya, babbar kasuwar kayan gwari da 'ya'yan itace. Kafin nan na yi shekaru ina koyar da tarihi a wata sakandare a Funtuwa. Na bar tsaron yara na koma tsaron tumatir, kuma in faɗi gaskiya, tumatir ya fi zama inda aka ajiye shi. Ɗakina yana can ƙololuwar bene, gefen tankunan ruwa. A ƙasa da ni yayata Rabi take da mijinta Malam Sani, direba a wani kamfani a Ulaya, da 'ya'yansu mata biyu: Bilkisu mai shekara goma sha biyar, da Safiya da ke tsakiyar famfara. Duk a Riyadh aka haife su. Larabcinsu gudu yake, Hausarsu kuwa tana ɗan ɗingishi.

Bilkisu ce ta fari, don haka Yaya ba ta taɓa kama sunanta ba. “Ke” ce, ko “yarinyar nan”. In saƙon ya wuce kalma uku, sai a bi ta kan ƙaramar: “Safiya, ce wa yayarki ta sauke tukunya,” alhali yayar tana zaune a nan, gwiwarsu ta kusa haɗuwa. Ni ban taɓa ganin wani abu a ciki ba. Innarmu har ta koma ga Allah ba a ji sunan babban wanmu a bakinta ba. Malam Sani ne dai ya ƙi bin layi. Shi “Bilki” yake ce mata tun daga matakala, ya sa ta gaban mota su zo Aziziya sayen kankana, suna tafe suna musu.

To shi ɗin cutar ta kama, 'yan watanni kafin azumi. Zazzaɓi, tari, sai numfashi ya fara yi masa gardama. Aka killace shi bayan gilashi, aka zo gida da takunkumi aka gwada kowa. Allah ya yi da sauran kwana, aka mayar mana da shi, amma ba duka ba. Mutumin da in ya fara labari sai an roƙe shi ya yi shiru ya dawo yana amsa gaisuwa da kai. Ya koma aiki tun ƙafarsa ba ta gama tsayawa ba, saboda iƙamar gidan gaba ɗaya, wato takardar izinin zama, a hannun kafilinsa mai kamfanin take, kuma kafili ba ya daɗewa yana jiran direba. Ya ce zai riƙa kwana a ɗakin direbobi sai ranar Alhamis, wai don nisa. Ni na yi zargin ba nisa ba ne. Ko gidan yake tsoro, ko gidan yake ji wa tsoro, ban tantance ba.

Zargi kuwa a shekarar nan shi ne cefanen kowa. Ina ya ɗebo ta? Yaya ta ce a asibitin da yake kai tsohon maigidansu. Mutanen kasuwa suka ce ai an gan shi wajen masu raƙuma. Maƙwabciyarmu Hajiya Zinatu, mutuniyar Damagaram, ba ta ce komai ba, kuma a wurin Yaya wannan ya fi kowanne muni.

Da azumi ya kama, aka ci gaba da aika kwano kamar kullum: ƙosai da kunu su tafi gidan maƙwabta, kwano ya dawo da wani abu a ciki. A da na Hajiya Zinatu da dambu yake dawowa. A bana ɗin sai ya riƙa dawowa da dabino a ƙulle cikin leda daga kanti, kwanon kuma yana warin asibiti.

Yaya takan miƙo mini shi. “Shinshina, Lawal. Ka ji? Da maganin wanke bene ta wanke shi. Ƙosaina kuwa na san kyanwa ta ba.”

“Yaya, kyanwa ba ta cin ƙosai.”

“Ta Damagaram tana ci.”

Yinin azumin nan tsari ɗaya gare shi. Bayan sahur a tara ruwa a bokitai tun yana taɓuwa, a jera su a banɗaki su huce, don da su za a yi alwala da wanka har dare. Ni in bi motar ma'aikata zuwa kasuwa kafin rana ta buɗe ido. Manyan motoci su shigo, a sauke akwatunan tumatir da albasa da lemo. Kafin hantsi ya gama ɗagawa kwalta ta fara kama takalmi. Iskar garin ba ta da laima ko kaɗan. Gumi ma ba ya samun zama a jiki, sai dai ka ga gishiri ya zana taswira a bayan rigarka. Leɓe ya tsage, harshe ya koma kamar ƙirgi. Ga kankana nan tsibi-tsibi a gabanka, wani mai saye ya sa a fasa ɗaya don ya ga jan cikinta, a bar ta nan tana kallonka. Na karanta labarin azabobi iri-iri a littattafan tarihi, ban ga inda aka rubuta wannan ba.

Da azahar gari ya mutu. Ba ka jin komai sai nishin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a kowace taga, tana ɗigar da ruwa a bango. Yaya ta shiga kicin ta jiƙa wake, ta ɓallo tsamiya kaɗan daga wadda alhazai suka kawo mana, tana taka-tsantsan da ita kamar turare. Sai dai Yayar ba ita ba ce. Idonta ya faɗa. Ba ta wuce Safiya ba tare da ta ɗora bayan hannu a goshinta ba. In wani ya yi tari a gidan da ke jikin namu, sai ta tsaya cak da ludayi a hannu har sai ta ji ko zai sake. Takan dafe ƙirji ta ce zuciyarta na dukan uku-uku, in na ce a je a duba, ta ce azumi ne. Matar da tun tana budurwa ba a taɓa jin ƙauri a kununta ba, a watan nan mun sha ƙauri har muka saba.

Bilkisu kuwa ta ɗauke wuta gaba ɗaya. Makaranta tana hutu, ita tana ɗaki, labule a sake. In an kira magariba ta fito ta ɗauki dabino da ɗan abin da za ta ɗauka, ta koma ta rufe ƙofa. Ta rame har abayarta ta koma kamar ta aro. In ka yi mata magana ta ce, “Ma fi shai, Kawu,” wato babu komai, idonta a ƙasa. Bayan azahar kuma sai a neme ta a rasa, can ta dawo fuska ta yi ja.

Wata Juma'a bayan an sauko, Malam Sani ya kira ni falo, Yaya tana bakin ƙofa. Ya yi magana mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun fitowarsa asibiti. Ya ce ya gaji, ba shi da ƙarfin tsaron budurwa a ƙasar mutane. Bayan Salla zai sa a buga wa Bilkisu fita ta dindindin, a sa ta jirgi zuwa Funtuwa wurin mahaifiyarsa. Duk mun san abin da wannan hatimi yake nufi. In an buga shi an buga. Yarinyar da ba ta san Funtuwa ba sai a hoto ba za ta sake kwana ɗaki ɗaya da ƙanwarta ba sai abin da Allah ya yi.

“Wani abu take ɓoyewa,” in ji Yaya. “Ko wani ɗan iska ne a waya, ko kuma jifa aka yi mana. Lawal, kai ka san halin yara. Ka sa mata ido kafin Salla.”

Na karɓi aikin har da ɗan jin daɗi, don tsohuwar sana'a ce. Malamin makaranta ba ya yarda da yaron da ya yi shiru. Mai surutu ka san inda yake. Na jera abubuwan zargi a kaina kamar yadda nake jera dalilan faɗuwar dauloli: saurayi, miyagun ƙawaye, ƙwaya, cin abinci da rana. Na fara da waya. Na same ta a hannun Safiya tana wasan kifaye da ita, ta ce yayarta ta bar mata tun tuni. Saurayi ya faɗi jarrabawa ke nan. Ƙawaye kuwa, tun da labarin cutar ya shiga makarantarsu babu wadda ta taka matakalarmu.

Sai kaya suka fara ɓata a kicin. Kofin silba ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya.

“Ka gani ko?” Yaya ta ce da ni ƙasa-ƙasa. “Ɓarawo dozin yake ɗauka. Wa ke ɗaukar kofi ɗaya in ba wanda zai kai wa boka ba? Kuma wa ke shigo mana in ba 'yar aiken Zinatu ba?”

Na ce boka a Riyadh sai ya shirya. Ta ce ni dai boko ya gama da ni.

Ranar wata Alhamis a goman tsakiya kaina ya matsa mini, na bar kasuwa da wuri. Na hau bene a lokacin da ko tsuntsu ba ya sauka a rufi. Simintin yana ratsa takalmi. Zan buɗe ɗakina sai na ji zubar ruwa a bayan tankuna. Na zagaya a hankali. Bilkisu ce tsugune a 'yar siririyar inuwa, ta buɗe famfon gindin tanki, ruwan yana fitowa har da tururi. Ga kofin, ga farantin, ga cokalin. Tana tara su a ruwan zafin ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ta tara hannuwanta, ta cije leɓe, ta sake komawa kan kofin.

Na ce a raina, to, ashe zargi na huɗun ne, karya azumi.

“Bilkisu, azumin yara kike yi, na shan ruwa da azahar?”

Ta zabura. “Ina azumi, Kawu. Wallahi ina yi.”

“To kayan nan fa?”

“Nawa ne.”

“Na uwarki ne. Tana can tana shirin kai ƙarar Hajiya Zinatu gaban Allah a kansu.”

Ba ta yi dariya ba. Na matsa taku ɗaya, ta ja da baya har ta jingina da tankin, wanda ni ko da yatsa ba zan taɓa ba.

“Kar ka matso, Kawu. Don Allah.”

A nan na ga hannuwan. Bayansu ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, gaɓoɓin yatsun sun yi jini sun bushe. Na nemi gefen wani bulo na zauna nesa da ita, inda ta yarda. Na ce ba zan tashi ba sai ta faɗa mini, kuma ta san kawunta tsoho ne, in rana ta kashe shi a nan ita za a tambaya.

Ta fara, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta ce ita ta fara tari. Daga makaranta ta dawo da shi. Abba ya ɗauke ta a mota zuwa kantin magani, gilasai a rufe saboda sanyi, ta sha ruwa a gora ta rage, shi ya shanye sauran. Ba a yi mako ba ya kwanta.

“Ni na kawo ta. Tana jikina har yanzu.”

“Ke, an gwada ku duka. Babu wanda aka samu da ita. Murar makaranta ce kika yi.”

“Wa ya ce?”

“Likita ya faɗa wa uwarki. Ina tsaye.”

“Ni ba ta faɗa mini ba.”

Ta yaya za ta faɗa mata? Sai dai ta aiki Safiya, kuma wannan ba saƙon da ake ba mai famfara ba ne. Ni kuma na ɗauka an faɗa. Malam Sani kuwa a lokacin yana bayan gilashi.

“Ranar da aka sallami Abba,” ta ci gaba, “na taho da gudu zan riƙe shi. Umma ta ce, ke, tsaya can. Amma Safiya, ta bar ta ta je.”

Na tuna ranar. Abokan aikinsa maza sun cika ƙofar, Yaya ba ta so a ga budurwa ta faɗa jikin ubanta a gabansu. Iyakar abin ke nan. Ni ban sake tunawa da shi ba sai a rufin nan. Ita kuwa tun ranar take tsaye inda aka ce ta tsaya.

“Kullum tana taɓa goshin Safiya. Ni ba ta taɓa ni. Ta sani, Kawu. Shi ya sa ko sunana ba ta iya faɗa.”

“Ai tun da aka raɗa shi ba ta taɓa faɗa ba. Kunya ce. Ke ce ta fari.”

“Kunyar me? Me na yi?”

Na yi shekaru ina yi wa yara bayanin abin da ya rushe Songhai, amma wannan tambaya ta tsayar da ni. Na ce ba laifi ba ne, girmamawa ce, haka ake yi a gida. Ta dube ni kamar yadda ɗalibi ke duban malamin da bai shirya darasi ba.

“Abba a da yana kiran sunana,” ta ce. “Shi ma ya daina.” Ta rufe famfon. “Na ji maganar jirgi. Khalas, gara haka. In na tafi Safiya ba za ta kamu ba. Ni dama wani lokaci in na kwanta ba na son in farka.”

Na miƙe tsaye. Na ce ta ba ni kofin. Ta ƙi, sai da na naɗe hannuna da hular kaina kamar mai ɗaukar garwashi, sannan ta ajiye shi a ƙasa ta ja baya.

Na sami Yaya a kicin, mai ya yi zafi, tana sakin ƙosai. Na ajiye kofin a gabanta, na faɗa mata duk abin da na ji. Ba ta juyo ba.

“Ta yi maka wayo. Yaran nan na yanzu.”

“Je ki dubi hannunta.”

“To wa ya sa mata wannan a kai? Zinatu ce?”

“Yaya, bar Zinatu ta huta. Mu ne. Babu wanda ya faɗa mata sakamakon. Kuma tana ganin kina gudunta.”

Sai ta juyo da matsami a hannu. “Ni? Ni da ba na runtsawa sai na tsaya a ƙofar ɗakinta na ji tana numfashi? Ka san sau nawa nake tashi?”

“Ita ta sani?”

“A'a, so kake in tashe ta in ce ga ni ina sauraronki?”

“Kira sunanta kawai. Ki ce mata ba ita ba ce.”

“Lawal, kai fa ƙanena ne, ka iya bakinka. Inna ta taɓa kiran sunan Yaya Audu? Ya lalace?”

“Yaya Audu a ɗakin Goggo ya girma. A bayanta ya yi barci, a kwanonta ya ci. Kafin hantsi bakuna nawa ke kiran sunansa a gidanmu? Kaka, Goggo, matan baffanni, har mai kawo nono. Inna ta yi shiru ne don gida cike yake da masu magana. Nan fa? Mun ɗauko shirun mun sa a jirgi, mun bar Goggo a Funtuwa.”

Ƙosai ya yi baƙi a cikin mai, babu wanda ya kula. Ta daɗe tana kallon kofin.

“Bakina ba zai ɗauka ba,” ta ce a hankali. “Wallahi ko na buɗe ba zai fito ba.”

“To sai a sa ta jirgi.”

“Fita mini daga kicin.”

Na kai hannu zan ɗauki kofin, ta buge hannun da matsami.

Malam Sani ya iso gab da magariba kamar kowace Alhamis, ya zauna a gefen leda ya jingina da bango. Aka jera dabino, ƙosan da ya tsira, kankana, kunun tsamiya. Ladan ya kira. Wanda ya yi azumi a irin wannan zafi ya san yadda hannu ke zuwa ga ruwa ba tare da shawara da mai shi ba. Ni na sha, Malam ya sha, Safiya da ba ta yi azumin ba ta fi kowa sha. Yaya ba ta taɓa komai ba.

Bilkisu ta fito, ta tsugunna daga nesa ta miƙa hannu ga dabino.

“Ke. Zauna.”

Ba ta kan Safiya aka bi ba. Yarinyar ta dubi ƙanwarta, ta dube ni, ta zauna a bakin leda. Yaya ta ciro kofin silbar daga bayanta, ta cika shi da kunu, ta tura mata, idonta yana kan bango.

“Sha.”

Bilkisu ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe kofin a ƙirji kamar za a ƙwace. Ƙwacewar kuwa aka yi. Yaya ta karɓe shi, ta juya shi har ta sami daidai inda leɓen yarinyar ya bar alama, ta yi bisimilla, ta kafa kai. Da shi ta buɗe baki.

“Umma, la! A'a!” Bilkisu ta yi kukan kura za ta fizge. Yaya ta cafke wuyan hannunta da ɗaya hannun, ba ta sauke kofin ba sai da ta ga gindinsa. Ta ajiye. Sannan ta juya hannun da ta kama, ta dube shi ciki da baya. Ban taɓa ganin fuskar yayata haka ba, kuma ba na fatan in sake.

“Safiya, ɗauko man kaɗanya.” Da aka kawo ta lakato da kanta ta fara shafawa, yatsa bayan yatsa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, ka faɗa wa 'yarka abin da likita ya ce. Ita a ganinta ita ta sa maka ciwo.”

Malam Sani ya dube ni. Na ba shi labarin a taƙaice, har da gorar ruwa. Sai ya gyara zama.

“Bilki.”

Muryar a dushe take, amma ita ce. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

“Bilki, ba ke ba ce. Ko kusa. Zuba mini a kofin nan, uwarki ta shanye ba ta rage wa kowa ba.”

A hanyarmu ta zuwa masallaci iska tana bugun fuska kamar daga bakin tanderu. Sai da muka kai ƙofa muna cire takalma Malam Sani ya juyo gare ni.

“Malam Lawal, maganar jirgin nan.”

“Wane jirgi?” na ce, kamar ban taɓa jin zancen ba.

“Shi ke nan,” ya ce, ya shiga sahu.

Ba zan ce kofin kunu ya warkar da kowa ba; ni malamin tarihi ne, ba mai tatsuniya ba. Bilkisu ta ci gaba da wanke hannu, ta ci gaba da yin shiru na kwanaki. Bayan Salla muka kai ta wurin wata likita, ta saurare ta, ta ce ciwon damuwa ne, yana da magani kuma yana son lokaci. Sannan ta dubi Yaya ta ce ita marasa lafiya biyu take gani. Yaya ta ce ita rakiya ta yi. Ta dai ci gaba da rakiyar, har aka wayi gari ƙauri ya bar kunu. Malam Sani ya dawo kwana gida. Sanyi ya shigo kafin mu sake jin Bilkisu tana musu da ubanta a matakala. Kwanon Hajiya Zinatu ya koma zuwa da dambu a azumin da ya biyo, ba tare da wani bayani ba, kuma har yau ban san wanda ya ci ƙosan waccan shekarar ba. Yaya ta sani, in ji ta.

Yanzu Bilkisu tana da aure a nan Riyadh, da ɗanta na fari. Sunansa kuwa duk benensu an haddace shi, don tun asuba take kira. Yaya ta ce wannan rashin ta-ido ne, kuma ba daga wurinta aka gado ba. Ita har gobe ba ta kama sunan ba.

Jiya suka zo shan ruwa. Yayyafi yana sauka a kan tankuna, an kashe mukayyif, an buɗe taga. Kofin silbar yana nan, ya lotsa a gefe, kuma duk gidan an san ba a ba baƙo ruwa a cikinsa. Yaya ta cika shi, ta kurɓa, ta ajiye tsakaninta da 'yarta, gwiwarsu tana gugar juna.

“Safiya,” ta ce, “ce wa yayarki kununta zai huce.”

Safiya, wadda yanzu ta fi uwar tsawo, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Safiya,” in ji Bilkisu, “ce wa Umma na ji.”

Ta ɗauki kofin, ta juya shi har ta sami wurin, ta sha.